Dakalin Madafarmu

Ana saura 'yan kwanaki Sallar Layya ɗana ya kira ni daga Yamai, ya ce bana ma ba za su samu zuwa ba, aiki ya riƙe shi, yara kuma lakwal, wato makaranta, ba ta sake su ba. Kafin in buɗe baki ya ɗora da cewa ya yi magana da wani magini, zai zo ya gyara mini madafa. "Hajiya, gwiwoyinki ba su son durƙuso yanzu," in ji shi. "Za a yi miki dakali mai tsawo, ki tsaya a tsaye ki yi girkinki. Ba abu ne mai tsada ba, don Allah kada ki ce a'a." Ban ce a'a ba. Na sa masa albarka, ko da yake na san kyautar a madadin ƙafarsa ta zo.

Washegari magini ya iso da siminti da wani buhu mai ƙara. Da ya zazzage shi a tsakar gida sai na ga fasassun karo ne, wanda mutanen Najeriya ke ce wa tayil, ragowar ginin masu hali. Akwai fari, akwai shuɗi, akwai ruwan ƙasa, wani ma da guntun fure a jikinsa. Ya ce da su ake yi yanzu in ana neman sauƙi, a jera su a kan ɗanyen siminti, in ya bushe a goge, sai ka rantse haka aka sayo shi daga kanti. Na ja 'yar kujerata na zauna a inuwa ina kallonsa. Yana ɗaukar guntu, ya juya shi a hannu, ya gwada, ya ajiye, ya nemi wanda bakinsa zai dace da na kusa da shi. Ban san lokacin da na daina ganin magini ba, na koma ganin ƙanwata tana tsugune a daidai wurin nan, da tsingaro cike da bakin zanenta.

A zamaninmu kunne ne ke fara sanin Sallah ta matso. Tun da sauran kwanaki za ka ji Birnin Damagaram ya ɗauki wani irin sauti, tim, tim, tim, daga wannan gida zuwa wancan, kamar ƙasa ce ke bugun zuciya. Mata ne ke daɓe. A haƙe tsohuwar ƙasar ɗaki, a kawo jar ƙasa da tsakuwa a bayan jaki, a baza, a yayyafa ruwa a bar ta ta sha. Sannan mata su durƙusa a jere, kowa da madaɓinta na icce, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa, hannuwa su tashi tare su sauka tare. In ƙasa ta kwanta sai a bi ta da ruwan makuba, ɓawon ɗorawa ne da fatake ke kawowa daga kudu, a jiƙa shi har ya yi baƙi. Shi ke sa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi, har yaro ya zame a kai. Warinsa yana da ɗaci-ɗaci, yana kama hanci, amma har yau in na ji wani abu mai kama da shi sai in ji kamar gobe Sallah. Bango kuwa farar ƙasa ake jiƙawa a shafe shi da tsumma. A wanke ƙorai da yashi, a goga musu alli, a jera su manya a ƙasa ƙanana a sama. A sauko da faya-fayai a kakkaɓe, wanda ya koɗe a sake rina kabarsa da karan dafi. Ba abin da muke ƙawata ɗaki da shi wanda ba daga ƙasa ya fito ba, kuma in ya tsufa ƙasa yake komawa, ko akuya ta cinye shi ta kwana lafiya. Yanzu kuwa in Sallah ta wuce, ka leƙa bayan gari ka ga itatuwa sun yi 'ya'yan leda, baƙi da shuɗi, iska na kaɗa su, ba su ruɓewa, ba su tafiya ko'ina.

Mahaifinmu baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalma a zaure. Mu biyu kaɗai Allah Ya bar masa, ni da ƙanwata da muke kira Auta. Ni na fara ɗaura zane a ƙirji, ita kuwa lokacin take famfara. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya cika. Kamar damina ba ta gaji da mu ba, bayan an yi sadakar bakwai aka kwana ana ruwa, da safe muka tarar bangon madafa na baya ya zube, rufin ya rufta a kan murhu, ya fasa tukwane da babban kaskon da Inna ke tuyar ƙuli-ƙuli. Da wannan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take taimakon gida tun Baba na da rai. Muka koma girki a tsakar gida, duwatsu uku da guntun zana muna kare iska. Inna ta shiga takaba, ta shiga shiru. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki da mazari a hannu, amma zaren ba ya ƙaruwa. Ni ke dafa abin da ya samu. Ɓaraguzan madafa suna nan tsibi guda, ciyawa ta tsiro a kansu, ƙadangaru suna shan hantsi, ba wanda ya ce a kwashe.

Da aka gama girbi sai ga Baffa, yayan mahaifinmu, daga Gaffati, da damman gero a kan jaki. Mutum ne mai tsawo, marar yawan magana, tafin hannunsa kamar ɓawon icce. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon tsibin ƙasar nan. Inna tana daga cikin ɗaki, labule a tsakaninsu, ni kuma ina bakin randa kamar mai wanke-wanke.

"Uwar 'yan mata," in ji shi, "ba don in ƙara miki zafi na zo ba. Amma ido ba ya ƙarya. Gida ba namiji, bango ya faɗi, ko wurin hura wuta babu. In kin fita takaba ki koma wajen danginki a Takieta. Yaran nan in tafi da su, hatsi bai gagare ni ba. Gidan a rufe shi, har Allah Ya nuna mana yadda za a yi da shi."

Sai na ji muryar Inna, siririya kamar ta mai jinya.

"Yaya, ka bar ni in ga Sallah a ɗakina."

"Sallah kam ki gan ta," ya ce. "Zan zo da nama, sai mu ƙarasa maganar."

Ba mu gaya wa kowa ba, amma a unguwa irin tamu magana ba ta bukatar mai kai ta. Bayan kwana biyu Iya ta shigo. Tsohuwa ce Babarbariya da ke zaune can bayan masallaci, gajera, mai zane a fuska, baki ja wur da goro. Duk daɓen da za a yi a unguwar ita ke ba da waƙa, duk jaririn da aka haifa ita ke fara yi masa wanka. Ba ta zauna ba. Ta zagaya tsibin, ta sa ƙafa ta ture wani hoge, ta ɗebi ƙasar ta murza a hannu, sannan ta ɗaga labulen ɗakin Inna ba neman izini.

"Ke, tashi. Ƙasar nan ba ta mutu ba, jiƙa ta za a yi a sake tayar da ita."

"Iya, ina takaba."

"Takaba a jikinki take. Ba lalle, ba kwalli, ba turare, mun ji mun yarda. Wa ya ce miki murhu ma yana takaba? Yaran nan iska za su ci?" Ta tofar da goro gefe. "Gidan da hayaƙi ke tashi ba a kiransa kango. In kina son zama, ki tayar da hayaƙi."

Ba mu da abin biyan magini, kuma ba wanda ya tambaya. Mazan unguwa, abokan sana'ar Baba, su suka kwaɓa tsohuwar ƙasar suka yi tubali, suka tayar da bangon a safiyar wata Juma'a, suka mayar da azarorin da ba su karye ba, suka tafi ko ruwa ba su tsaya sha ba. Saura aikin mata, yaɓe da daɓe da dakali. Wanda bai zauna Damagaram a wancan zamani ba, ba zai san nauyin abin da zan faɗa ba: kowace mace da ta shigo ran nan da tulun ruwanta a ka ta shigo. A garin da ake sammako a bi layin rijiya, a garin da ruwan wanke shinkafa ma ba a zubar da shi sai an ba dabba, mata suka juye ruwan gidajensu a ƙasar madafarmu. Wata ta kawo makubar da ta rage mata, wata ta kawo farar ƙasa a tsohuwar ƙwarya, matar mai tukwane ta aiko da kasko mai ɗan tabo a baki wanda ta ce ba zai sayu ba. Daga baya na gane lafiyarsa lau.

Dakalin madafa a lokacin ba tsawo gare shi ba, iyakarsa gwiwa. Tudu ne na ƙasa da ake ginawa a jikin bango, a yi masa gurabe inda gindin tukwane zai zauna, a bar fili inda za a aza ƙwarya da faifai da dutsen niƙan kayan miya. Iya ta ce in ana so bakinsa kada ya riƙa gutsurewa, sai an dasa masa tsingaro. Ta dubi Auta ta ce, "Ke mai idon kaza, wannan aikinki ne." Ai kuwa kamar an naɗa ta sarauta. Kwana da kwanaki Auta ba ta zauna ba. Ta bi juji, ta bi bayan gidan masu tukwane, ta bi gindin duwatsun Birni inda yara ke wasa, tana dawowa da bakin zane cike, ƙafafu fari fat da ƙura. Fasasshen tulu, guntun tangaran mai layin shuɗi, gindin koriyar kwalba da yashi ya cinye wa kaifi. Ta wanke su ɗaya-ɗaya, ta shanya a rana, ta kasa su kashi-kashi, ba mai taɓa mata. Ko ni in na matso sai ta ware hannuwa ta ce, "Yaya, za ki ɓata mini lissafi." Ranar da aka gina dakalin, Iya na dannawa a ɗanyar ƙasa, Auta na miƙa mata tana ba da umarni. "A'a Iya, ba nan ba. Shuɗin kusa da ja zai zauna." Tsohuwar da duk unguwa ke tsoro ta ce, "To, ranki ya daɗe," ta cire ta mayar inda aka ce.

Da aka zo daɓe sai matan suka durƙusa suka fara bugu shiru, don kunyar gidan mutuwa. Abin ya ƙi. Wannan ta buga, waccan ta makara, sautin ya zama kamar awaki a kan rufin kwano. Iya ta ajiye madaɓi ta ce daɓen da ba waƙa ba ya kwanciya, amma ita ba za ta fara ba sai mai gida ta yarda. Daga cikin ɗaki muka ji Inna ta ce, "Ku yi waƙarku." Iya ta ɗauko ta a hankali, ba irin ta biki mai habaici ba, wata tsohuwa ce mai sanyi, matan suka amsa, hannuwa suka haɗu. Ana cikin haka labule ya motsa. Inna ta fito, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa a ƙarshen layi kusa da ni, ta karɓi madaɓin hannuna. Ba ta yi waƙa ba. Ta riƙa dukan ƙasar nan da ƙarfin da ban san tana da shi ba, hawaye na sauka a gabanta tana bi tana daɓe su. Ba wadda ta ce ta yi haƙuri, ba wadda ta dube ta. Suka dai ƙara ɗaga murya, suka rufe ta da waƙa yadda ake rufe mai wanka da zane. Ni da nake yarinya, ran nan na fara sanin abin da ake nufi da mutane.

Kafin jajibere madafa ta bushe. Muka shafe bangon da farar ƙasa, ni da Auta, muka ja masa layi biyu daga ƙasa, ɗaya na jar ƙasa ɗaya na baƙin tukunya, da gashin kaza muka ja su. Muka rataye faya-fayai, muka jera 'yan ƙoran da suka tsira. Inna ta hura wuta a sabon murhu da bisimilla, ta soya gyaɗar da Iya ta ranto mata. Da hayaƙin ya bi ta saman katanga, sai muka ji wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa daga gidanta.

Ba mu yi layya ba a shekarar. Amma washegarin Sallah, ranar da ake rabon nama, akushi da faifai suka yi ta shigowa har muka rasa wurin ajiyewa. Da hantsi Baffa ya iso da cinyar rago a nannaɗe cikin ganye. Ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya cak. Ya nufi madafa, ya leƙa, sai na ga ya sunkuya ya tuɓe takalmansa kafin ya taka daɓen. Madafa fa, ba masallaci ba. Ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa dakali da ɗan yatsa. Auta ta kama hannun rigarsa tana nuna masa, wannan a juji ta samo shi, wannan kare ya kusa cizonta a kansa, wannan koren babu irinsa a duk Birni. Baffa da ba a cika ganin haƙoransa ba ya yi dariya har da riƙe gemu. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira.

Ya ci tuwo, ya ci ƙuli-ƙulin farko na sabon kasko, ya wanke hannu. Sannan ya matsa kusa da labule.

"Uwar 'yan mata, na janye maganata. Gidan da mutane suka tsaya wa haka, ba ni ne zan rufe shi ba. Ki zauna ɗakinki."

"Allah Ya saka da alheri, Yaya."

"Sai dai abu guda." Ya murza hularsa a gwiwa. "Baki uku ya yi wa kasko ɗaya yawa. Babbar ta zama hannunki, ba zan raba ki da ita ba. Ki ba ni ƙaramar. Ɗakina duk maza ne, matata ta daɗe tana son 'ya mace. Yarinyar nan tana da kai, ta shiga raina. Ba za ta nemi komai ta rasa ba, kuma in na dube ta zan riƙa ganin ɗan'uwana."

A wancan zamani ba a hana wa yayan miji ɗa. Wanda ya bar maka gida, ya kawo maka gero, ya roƙe ka da taushin murya, da wane baki za ka ce masa a'a? Na ji numfashin Inna ta bayan labule. Sai ta ce, "'Yarka ce, Yaya."

Na fito daga inda nake na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baffa, ni ka tafi da ni. Na iya daka, na iya ɗiban ruwa. Ita ba ta iya kwana ba sai ta riƙe zanen Inna." Ya dafa kaina ya ce, "Ke uwarki ta fi bukata. Gaffati nan ne kusa, ba Makka ba ce."

Da la'asar aka ƙulle mata kayanta a ɗankwali. Auta murna take yi, ta ɗauka yawon Sallah ne, ga shi za a ɗora ta a jaki. Inna ba ta iya rakiya ba saboda takaba, iyakarta zaure. Ni na bi su har bakin ganuwa. Ina ta kiran sunanta in ce ta gaida mutanen gida, ita kuwa hankalinta na kan kunnuwan jakin, tana ja tana dariya. Ba ta waiwayo ba. Da na dawo na tarar da Inna zaune a sabuwar madafa, ta jingina da dakali, wuta ta mutu, nama tsibi a gabanta ba ta taɓa ba. Ta ce mini, "Rufe naman nan kada ƙuda su ɓata shi." Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, har ta koma ga Allah.

Gaskiyar Baffa, Gaffati ba nisa. Kuma ya cika alkawari, Auta ba ta nemi komai ta rasa ba. Da Sallah ta zagayo ya kawo ta, ta yi ƙiba, ta yi tsawo, an yi mata kitso mai kyau da 'yan kunne na azurfa. Na ruga zan rungume ta, sai ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama, ta jira aka amsa. Ta shigo ta durƙusa nesa da Inna, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina wuni, Innar Birni?" Inna ta amsa da lafiya lau, ta tashi ta ɗebo mata ruwa a moɗa mai kyau, wadda muke ba baƙi. Na ja hannunta zuwa madafa, na ce ta zo ta ga aikinta, ko ɗaya bai ɓamɓare ba, kullum sai na goge su da tsumma. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta leƙa, ta ce, "Naku ya yi kyau. Namu na gida ba shi da ado."

Haka muka girma. Ba mu yi faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ma wani ciwo ne, don 'yan'uwan da suka tashi ɗaki ɗaya ba su rasa faɗa. Ta yi aure can, ni na yi a nan. Biki da suna da ta'aziyya ba wanda ya wuce mu, in ta zo in yanka mata kaza, in na je ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, mu yi ta gaisuwa muna maimaitawa kamar surukai. Shekarun baya ta rasu. Ni kuma aure ya kai ni wata unguwa, mutuwar miji ta dawo da ni gidan nan, na yi jinyar Inna, na rufe mata ido. Tsohon dakalin ya daɗe da tafiya, tun lokacin da aka shafe gidan da siminti. Su Iya da matan da suka juye ruwansu a ƙasarmu duk sun kwanta dama. 'Ya'yansu sun sayar, sun tashi, waɗanda suka saya sun ɗaga katanga sun sa ƙofofin ƙarfe.

Magini ya gama aikinsa ana jibi Sallah. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi kyau, ruwa ba ya zama a kai, tsumma ɗaya ya isa a goge shi, gwiwoyina kuma sun huta. Abin da na lura kawai, mai girki a tsaye bango take fuskanta, ta ba ƙofa baya. Mu da muke girki a zaune tsakar gida muke kallo, mu ga mai shigowa tun daga zaure. Ko da yake yanzu ba mai shigowar. Surukata ta aiko da kwali a motar Yamai, furannin roba ne da wata igiyar ƙananan fitilu masu ƙyaftawa in an sa a kuran, wato lantarki. Ta kira ta ce in rataya a falo in sa a ɗauki hoto in aika musu. Na rataya. Mai ɗaukar hoton ne ban samu ba.

Ragon da ɗana ya sa aka kawo, mahauci ya zo ya yanka, ya gasa, ya tafi. Washegari na tashi da nama cike da gida, ni kaɗai. Na kasa shi kamar yadda aka saba, na ba masu zuwa neman sadaka nasu. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe a kan sabon dakali, na zuba a kwano mai murfi, na ɗora soyayyen nama a kai. Na yafa mayafi, na ɗauki sandata, na fita da kaina zuwa gidan da ke manne da nawa. Sun kusa shekara da tarewa, ina jin kukan jaririnsu ta bango, ina jin ƙamshin girkinsu, amma ban taɓa ganin fuskar matar ba, da mota suke fita da mota suke shiga.

Na ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen da kan sanda, na yi sallama. Aka daɗe. Can wata murya ta ce daga ciki, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke wa?"

Na tsaya da kwano a hannu ina neman amsa. Duk tsawon rayuwata a lungun nan ban taɓa bukatar abin da ya wuce "ni ce" ba. Daga ƙarshe na ce, "Tuwon Sallah na kawo."

Aka zare sakata, ƙofa ta buɗe kaɗan. Yarinya ce kyakkyawa, ba ta wuce sa'ar jikata ba, da jariri a kafaɗa. Da ta ga tsohuwa ce sai ta rusuna, ta karɓi kwanon hannu biyu, ta yi ta godiya, ta ce an gode, Allah Ya maimaita mana. Tarbiyya gare ta, ba abin da zan ce. Har na juya sai ta kira ni.

"Iya, ki yi haƙuri. In na juye, ina za a kai miki kwanon? A wace unguwa kike?"

Na ɗaga sanda na taɓa bangon da ta jingina kafaɗarta da shi.

"Bayan wannan," na ce mata.